Sunan da Baba Ya Ƙi Kira

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
14 ga Yuli, 2008

Auta Salama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan ta same ki kina cin abinci kamar mutum, ba kina tsakurar ganye kamar zomo irin na mutanenku na can ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ce dai ta koma ofishin duba yanayi, kafin ruwa ya sauko sai ta sanar, kuma a garin nan ruwa ba ya fashi, saboda haka ba ta da hutu. Idon hagu kin san tun ɓarɓashin ƙarfen da ya faɗa masa a reluwe ya yi ritaya. Na daman da ke riƙe da gidan shi ma ya fara yana. Likita ya ce sai an kankare, na ce masa ya dakata in gama kallon abin da ya rage.

Yayanki Dakta yana nan yana fama da ɗalibansa a jami'a. Matarsa, maman yara, tana gaishe ki. Jikokina kuwa na sallama su. In na ce zo nan, sai a ce mini "wait lah, Kaka". Hausarsu kaf ba ta wuce tuwo da bari ba, kuma barin ma ni suke ce wa.

Ban sani ba ko an gaya miki na kama sana'a. Duk Asabar ina tuƙa tuwo a wani ɗan kicin da ke Sri Petaling saboda yaranmu 'yan makaranta. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gyaran birkin jirgi a Zariya, yau ni ne da muciya da tsumma a kafaɗa. Suna zuwa su ce "Baba, tapau biyu", wato a ƙulle musu su tafi da shi. Da marigayiya mamanki za ta leƙo ta gan ni, sai an riƙe ta don dariya, ita da ta sani ko ruwan zafi na ɗora sai ya kama. A jirgin ƙasa nake zuwa. Wanda ya bi ta unguwarmu ba shi da direba, kuma har yau ban yafe masa ba. Kullum can gaba nake tsayawa, ko da wani abu ya taso a samu ma'aikaci a wurin.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ran Lahadi bayan sujada yayanki yana latse-latsen kwamfutarsa, sai na hango ki a ciki. Ido ɗaya gare ni, amma na san goshin gidanmu. Kina tsaye a bakin titi da kwali a hannu, kin wage baki kamar mai tallar kifi. Na ce, Auta ce wannan? Sai ya rufe abin, ya ce ba komai, ya shige ɗaki, abincin rana ma bai ci ba. Wanda ya san yayanki ya san in ya bar abinci to akwai magana.

Ni karatuna aji huɗu ne, na huɗun ma rabinsa a kan mangwaron mishan na yi shi, amma na karanta "No" da lamba takwas a kwalin nan. Me takwas ta yi miki? Siyasa kika shiga? In kujera kike nema ki faɗa da wuri in kai ɗinkin babbar riga. In kuma rigima ce da asibitin da kike aiki, ki tuna ke baƙuwa ce a ƙasar mutane.

Kada ki ce za ki bugo waya ki yi bayani. A waya kina magana kamar ana bin ki da gudu, ga shi a falo take, kunnuwa sun yi yawa. Ki rubuto da hannunki, da Hausa, da manyan baƙaƙe.

Babanki,
Josiah Na'Allah

*

Oakland, California
3 ga Agusta, 2008

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Ya gwiwa, ya ido? Don Allah ka bari a yi aikin idon nan, ba wani abin tsoro ba ne, ni nas ce, na ga an yi wa waɗanda suka girme ka. Ka gai da Yaya Isaac da Anti Kindness da yara. Lafiyata ƙalau, kuma ina cin tuwo, na semo ne dai, kuka ce ta yi mini wuya.

Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa na yaga. Ka ce manyan baƙaƙe, to ga su.

Baba, na yi aure. A watan Yuni aka ɗaura, a ofishin gunduma. Sunanta Tabitha. Ka san da ita, ita ce nake ce maka abokiyar zamana, wadda ta yi jinyata lokacin da aka yi mini aiki a ciki. Shekara shida ke nan muna tare. Malamar firamare ce, 'yar nan garin, tana rera waƙa a cocinsu, tana da haƙuri fiye da ni nesa ba kusa ba. Tsoro ne ya hana ni gaya maka. Yaya Isaac ya sani tun bara, ya ce in rufa wa gidanmu asiri in yi shiru. Na yi shirun har ya gaji da ni.

Maganar takwas kuwa ga yadda take. A watan Mayu babbar kotun jihar nan ta yanke cewa irinmu ma suna da damar aure. Waɗanda ba su yarda ba dama sun riga sun tara sa hannun jama'a, saboda haka za a yi ƙuri'ar raba gardama ranar zaɓen Nuwamba, kuma lambar wannan magana a takardar ƙuri'a ita ce takwas. In masu cewa e suka yi rinjaye, za a rubuta a tsarin mulkin jiha cewa aure na namiji da mace ne kaɗai. Abin da zai sami namu da aka riga aka ɗaura, ba wanda ya san shi, lauyoyi ma gardama suke. Shi ya sa in na tashi daga aiki nake bin gida-gida ina ƙwanƙwasa ƙofa, ina roƙon mutanen da ban taɓa gani ba su ce a'a, su bar mini aurena.

Za ka ce mene ne a cikin takardar ofis. Ranar da aka fito da ni daga ɗakin tiyata, an tsayar da Tabitha a bakin ƙofa aka ce, ke wace ce tata? Ita da ta kawo ni, ita da ta san maganin da jikina ba ya so, ta tsaya tana neman abin da za ta kira kanta. Yanzu tana da amsa. Amsar nan ce ake so a karɓe.

In baƙo ya rufe ƙofarsa ina tsaye, sai in share fuska in wuce ta gaba, na saba. Taka ƙofar ce ban san yadda zan yi ba in ta rufu. Ban ce ka yi murna ba, Baba. Ka dai amsa mini.

'Yarka,
Salama

*

Pantai Dalam
19 ga Satumba, 2008

Auta,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna nan da rai da lafiya. Azumin 'yan'uwanmu Musulmi ya kama, rabin masu cin tuwona sai rana ta faɗi suke bayyana, kuma in sun bayyana sai ka rantse fari ne suka sauka a gona. Na je kasuwar Masjid India neman zaren ɗinke aljihu, cunkoson masu sayayyar salla ya ɗauke ni ya ajiye a wani kanti da ban yi niyya ba, na fito da hula. Maganar ido kuma kin ci, na yarda, sun sa mini rana a wata mai zuwa.

Takardarki ta daɗe da isowa. Laifin jinkirin nawa ne, kada ki zagi gidan waya. A tashar Universiti na buɗe ta. Na shiga jirgi, ban sauka ba har ya kai ƙarshen layi, ya dawo, ya sake komawa. Ranar na ga amfanin rashin direba, ba wanda zai ce tsoho ina za ka.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban gane ba. Na buɗe Littafi na rufe, na sake buɗewa. Ba haka aka koya mini a Wusasa ba, ga kaina ƙarami, in an cusa masa sabon abu sai tsohon ya zube, ni kuwa ban san wanda zan bari ya zube ba. Na yi kuka a jirgin nan. Wata tsohuwa 'yar Sin ta miƙo mini tishu da alewa, ta ɗauka mutuwa aka yi mini. Na sha alewar, ba daɗi, ta citta ce.

Da na koma gida na tambayi yayanki me ya sa ya ɓoye mini. Ya ce don zuciyata. Na ce zuciyar da ta ɗauki mutuwar uwarku ita za a ɓoye wa 'yarta? Ya ce daga yau kada a ƙara kiran sunanki a teburinsa. Na ce masa teburin nasa ne, bakin nawa ne. Tun daga nan gaisuwar 'yan haya muke yi, ina kwana, lafiya, kowa ya kama gabansa. Maman yara ce a tsakiya, baiwar Allah, tana zuba wa kowa miya ba ta kallon kowa.

Amma abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne ƙuri'ar nan taku. A cocinmu Lahadi uku ake shelar aure, a ce duk wanda ya san dalilin da zai hana ya miƙe. A Lahadin ta uku tamu da mamanki, ana gama tambaya wani kawunta ya yi tari. Tari ne kawai, mura yake yi, amma sai da aka riƙe ni. To waɗanda ake tambayar nan duk mun san juna, kowa ya ci abinci a gidan kowa, kuma kafin aure ake yi. Ke kuma an ɗaura an watse, sannan a dawo a tambayi jiha guda, da mashayi da mai taɓin hankali da wanda bai san ko Zariya gari ce ko cuta ba? Auren ban gane shi ba, amma wannan na gane, kuma bai yi mini ba.

Tunda kin ɗauki sana'ar ƙwanƙwasa ƙofa, ki saurari gwani. Na yi shekaru ina fita bishara gida-gida da zumuntar maza. Mutum ɗaya na taɓa jawowa coci, shi ma daga baya muka gane inuwar ginin ya biyo. Duk da haka na koyi abubuwa. Kada ki je wa mutum yana cin abinci, ko mala'ika ce ke haushinki zai ji. Ki fara tambayar lafiyar yara kafin ki fito da takarda. In akwai kare, ki gaishe shi daga nesa. In an zage ki ki ce na gode, wannan yana rikita su ƙwarai, na ga wani ya bi ni har bakin hanya yana tambaya godiyar mece ce. Ki sa takalmi mai faɗi, ƙafar mamanki gare ki. Kuma kada ki kuskura ki fita ke kaɗai.

Ki gai da mutanen gida. Ki ce na gode da jinyar da aka yi miki, ban san haka aka sha wahala ba.

Babanki

*

Oakland
12 ga Oktoba, 2008

Baba,

Barka da war haka. Ina fata an yi aikin idon ko ana dab da yi. Ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, kuma kada ka sunkuya kan tukunya har sai likita ya yarda. Mu lafiya, gajiya ce kawai.

Takardarka ta sa ni dariya a cikin motar bas har mutane suka juyo, daga baya kuma ta sa ni abin da ya sa aka ba ka alewa. Na gwada na gode ɗin nan taka. Wani ƙato ya zage ni tas ta bayan ragar ƙofarsa, na ce masa na gode, sai ga shi yana ba ni haƙuri wai yau ransa a ɓace yake. Bai ce zai ba mu ƙuri'a ba, amma ya karɓi takardar. Abin ya yi zafi yanzu. Kowane gida da allonsa a kafe a tsakar ciyawa, wannan e, wancan a'a, maƙwabtan da ke aron tsani a wurin juna sun daina gaisawa. An cire namu sau biyu, Tabitha ta sake kafawa.

Ran Asabar na ƙwanƙwasa wata ƙofa, sai ga wata mama 'yar ƙasarmu da ɗaurin ɗankwali, ƙamshin manja har waje. Ta ji harshena ta ce 'yar ina ce, na ce Zariya. Ta saurare ni har na gama, ba ta zage ni ba. Ta ce, babanki yana da rai? Na ce e. Ta ce, ya sani? Na ce ya sani. Ta ce, to me ya ce? Baba, ni ma tambayar da nake yi ke nan. Ka koya mini yadda ake gai da kare, amma ban san me ka ce ba.

Shafi biyu ka cika, ba sunanta ko sau ɗaya. Mutanen gida, kamar kaji nake kiwo. Jinyar da aka yi, kamar iska ce ta yi. Ta ce in fassara mata takardar, na fassara duka, ta yi dariya a wurin tarin kawu. Da na gama ta ce, ni ina nake a ciki? Na nuna mata layin ƙarshe. Ta tashi ta je tana wanke kwanonin da na riga na wanke.

Na ce watakila rubutu ne ya yi maka nauyi, shi ya sa na bugo ran Lahadin da ta wuce. Mako guda tana koyon gaisuwa, tana yi wa madubi, tana yi wa 'yan ajinta. Na miƙa mata wayar, ta ce, "Ina wuni, Josiah." Muna ji ka yi shiru. Sai ƙarar kujera, sai muryar Anti Kindness tana cewa Baba ya shiga ciki. Mun jira, katin wayar ya ƙare.

Ban rubuto don in yi maka rashin kunya ba. Ina so in sani ne kawai. In ni kaɗai ka karɓa, ita kuma ka ga ƙazanta ce da ba za ta shiga bakinka ba, ka faɗa mini a fili. Ba zan iya zama 'yarka rabi ba.

Salama

*

Oakland
7 ga Nuwamba, 2008

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, don ban san halin da kake ciki ba. Na bugo sau biyu, Yaya Isaac ya ce kana hutawa.

Mun faɗi. Masu e sun yi rinjaye, ba da yawa ba, amma sun yi. Ranar Laraba garin nan kowa murnar sabon shugaban ƙasa yake, ana rungumar juna a titi, a wurin aiki har kek aka yanka. Na ci, na yi murmushi, na shiga banɗaki na zauna. An dakatar da ɗaura sabon aure. Namu kuma an ce sai kotu ta duba, ko yana nan ko babu. Tabitha ta tafi makaranta kamar kullum, ta dawo ta tarar da ni ban cire kayan aiki ba, ta zare mini takalmi.

Na yi ta tunanin ƙofofin da na ƙwanƙwasa, waɗanda suka yi mini murmushi, ina tambayar kaina su wane ne a cikinsu. Wannan zai wuce, za mu sake fita. Abin da ba ya wucewa shi ne in duba akwatin wasiƙu in tarar ba komai.

In shirun nan shi ne amsar, na ji. Ba zan ƙara damun ka ba. Ka riƙa ɗiga maganin ido.

'Yarka har yanzu,
Salama

*

Pantai Dalam
28 ga Nuwamba, 2008

Auta, 'yar gidan mai goshi,

Salamar Ubangiji a gare ki, da sannu, da sannu kuma. Ina da rai. An kankare idon, yanzu ina ganin abubuwan da ban nema ba. Ashe bangon ɗakina kore ne, ashe kuma na tsufa haka, ba wanda ya gaya mini.

Takardarki ta Oktoba ta iso ido yana naɗe, ta Nuwamba ta tarar ana jiran tabarau, rubutu duk kamar tururuwa a cikin ruwa. Maman yara ta ce in kawo ta karanta mini. Na ce a'a. Yayanki kuwa ko tambaya ban yi ba. Na sa su a aljihun gaba ina yawo da su kamar laya, ina cewa ai labarin ƙofofi ne da karnuka. Ban san kin sake bugowa har sau biyu ba, wannan kuma ni da yayanki mun yi maganarsa, ba a hankali ba. Labarin ƙuri'ar a bakin wani ɗalibi na ji shi a shagon mai shayi, yana faɗa yana dariya, na bar masa shayin na tashi. Shekaranjiya tabarau ya zo. Na karanta su a jere, sai na ji da ma an bar mini yanata.

Yanzu zauna in tambaye ki, ke da kika tashi a gidana. Tun da kike, kin taɓa jin na kira sunan yayanki? Ɗan fari ne. Kin taɓa jin na kira sunan matarsa? Na ci abincinta shekara da shekaru, in ina son gishiri sai in yi wa bango magana. Kakanki na wajen uwa har ya koma ga Ubangiji bai taɓa cewa Josiah ba, Na Reluwe yake ce mini, in mun haɗu a hanya shi ya kalli gabas ni in kalli ƙasa, kuma mutumin nan ya fi son ni da 'ya'yan cikinsa. Wanda na raina ai sunansa nake kira, har in haɗa da na ubansa. Turai ta cinye miki wannan, ko kuwa tsoro ne ya hana ki gani?

Gaskiya ba dabara na yi ba. Ranar da na zauna rubuta miki amsa ban san inda na tsaya ba. Na zo ƙarshe zan ce ki gai da wance, biro ya kai bakin sunan ya tsaya. Na matsa masa, ya ƙi. Sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, irin zafin da na sani, wanda nake ji in na yi kiciɓis da maman yara a ƙofar banɗaki. Na ajiye biron na ce, Josiah, ka ga abin da ya same ka, kai kana nan kana gardama da Littafi, ashe jikinka ya riga ya yi suruka. Ban faɗa miki ba don na ɗauka a fili yake. Na manta takardar za ta bi ta hannun mai fassara.

Maganar waya kuma, tunda sai na tona wa kaina asiri. Lahadi ce, zafi kamar a gasa masara, ina zaune a falo daga ni sai singileti mai huda biyu da zanin mamanki a ƙugu. Ina cikin hira da 'yata, ba sallama ba gargaɗi, sai ga muryar suruka a kunnena. Kuma da sunana tsirara. Rabon da a kira ni haka tun wani Bature mai duba aikinmu a reluwe. Auta, na miƙe tsaye. Na dubi jikina. Mutum ya gaisa da surukarsa a karon farko ba riga? Na cusa wa maman yara wayar na ruga ɗaki, kujerar da kuka ji ita ce ta tare ni a gwiwa, mai ciwon kuwa. Na sa riga, na sa hular nan ta Masjid India, har turare na shafa, don Allah ki ji wauta, turare a waya. Na fito na tarar layi ya mutu. Na zauna cikin kwalliyata har aka kira cin abinci, jikokina suna tambaya ko biki za ni.

Ki gaya mata Hausarta ta fita, wunin ne ta ja shi kamar tana kiran akuya, amma ya fita. Sunan ne za ta bari. Baba za ta ce.

Ƙuri'a kuma, sannu. Na san yadda ƙafa take ciwo in an yi yawon banza, ta fi ciwo a kan in an samu. Sun fi ku yawa, shi ke nan abin da aka ƙirga, ba a ƙirga wanda ya zare miki takalmi ba. Kotu ta duba abin da za ta duba. Kada ki ɗauka na gama ganewa, ban gama ba. Ni da Ubangiji muna kan magana, Shi ba ya gaggawa, ni ma ba wurin da za ni. A coci ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan yi miki alkawarin zan hau bagade in yi shela ba, ni ba jarumi ba ne, mai gyaran birki ne. Amma jiya a teburin nan da aka hana, na ce a sa albarka, na yi addu'a na ce Ubangiji ya kiyaye 'ya'yana biyu da surukaina biyu. Yayanki bai ce amin ba. Bai kuma tashi ba, ya cinye abincinsa. Maman yara ta ce amin a cikin kofin ruwa.

Yanzu ga aiki. Iyayenta suna da rai? In suna nan ki aiko mini da adireshi. An ɗauki 'yar mutane ba gaisuwa ba goro, ko su ne suka ɗauki tawa, ban san yadda lissafin yake ba a irin wannan, amma ko ta wane gefe ne akwai rashin ladabi, kuma ba za a ce daga gidana ya fito ba. Zan sayi yadi mai kyau in aika wa uwarta, ke kuma ki rubuta abin da zan faɗa da Turancin da ba zai ba ni kunya ba.

In kun samu hutu ku zo. A waje sai ku yi tafiya kamar ƙawaye, ƙasar nan ba a wasa da wannan magana, ba na so in je beli da ido sabo. In ƙofar yayanki ba ta buɗu ba, akwai otal, akwai kuma kicin ɗina. Zan dafa, in zuba, in fita in zauna a matakala har ku gama. Ki yi mata bayani tun yanzu, kada ta ga na fita ta tashi wanke kwanoni.

Tunda ba zan yi ta cewa mutanen gida har abada ba, ga shi kin ce ba kaji ba ne, na yi shawara da kaina. Koyarwa take yi, to Malama ce. In kin ga na rubuta Malama, ita ce, ba wata.

Ki gai da Malama da kyau. Ki fassara mata takardar nan daga sama har ƙasa. Wurin singiletin ne kawai, in da hali, ki ce huda ɗaya ce.

Babanku,
Josiah Na'Allah